"To" Uku a Ɗaki Ɗaya

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina raka marasa lafiya asibiti ina yi musu tafinta, kuma a cikin shekarun nan sau ɗaya na sa aka yanke wa mutum ƙafa bai gama magana ba. Da wannan nake so in fara, saboda ku samarin unguwar Briqueterie ta Yaoundé da kuke zama a bakin masu soya, wato masu tsire, da la'asar kuna cewa aikina ba aiki ba ne. Wai duk wanda ya yi aji shida a lekol, wato makarantar boko, zai iya, wai ma yanzu waya tana yi. Ban ce waya ba ta san kalmomi ba, ta ma fi ni sanin su. Amma ku ba ni aron kunnenku tukuna.

A layin da ke gangarawa Ekoudou aka haife ni. Mahaifina jikan Katsinawa ne masu fataucin goro, mahaifiyata kuwa Bafulatana ce daga Ngaundere. Na tashi da Hausa a zaure, Fulatanci a ɗakin Inna, Faransanci a lekol, Pijin kuma a kasuwar Mokolo na tsince shi. Ɗinki na fara yi, har na cika shekara talatin da haihuwa ina kan keken ɗinki. Wata rana na kai Inna asibiti ina yi mata bayanin abin da likita ya ce, sai wani dattijo da ke kan benci ya kira ni. Shi ne Baba Garba, tsohon mai tura keken marasa lafiya da ya ajiye aiki ya zama tafintan unguwa. Duk baƙon da ya zo daga Arewa da ciwo ya sauka gidan ɗan'uwa, shi ake aika wa.

Ya ce, "Kai tela, bakinka ya fi hannunka. Amma kana da gaggawa. Gobe ka same ni a nan."

Shekara guda cur na yi ina tsayawa a bayansa ban da izinin buɗe baki. Ni magidanci da 'ya'ya biyu, ina riƙe masa jaka. In mun fito sai mu tako da ƙafa zuwa gida, yana yi mini tambaya a hanya. Zai ce, "Matar nan mai jan mayafi, me ta ce?" In na maimaita masa sai ya girgiza kai. "Wannan abin da ka ji ke nan. Ni na tambaye ka me ta ce." Ranar da na fara fahimtar bambancin, mun kusa watanni takwas muna wannan tafiya.

Jakar nan tana wurina har yanzu, kuma kayan aikin ba su da yawa. Akwai biro biyu, domin ɗaya kullum yakan bi likita. Akwai zanen jikin mutum a kwali, gaba da baya, saboda akwai wurin da dattijuwa ba za ta taɓa ambata a gaban namiji ba, amma za ta nuna da yatsa tana kallon bango. Akwai cokali ƙarami da babba, don takardar magani takan ce cokalin shayi, a gidan mara lafiya kuwa cokali ɗaya ne, wanda ake shan kunu da shi. Sai wani agogon kwali da Baba Garba ya rubuta sunayen salloli a maimakon lambobi. Bai taɓa ce wa mutum ya sha magani sau uku a rana ba. Cewa yake yi, bayan asuba, bayan azahar, bayan isha. Wanda aka gaya wa haka ba ya mantawa.

Aikin farko da ya bar ni na yi da bakina na wata dattijuwa ce daga Marwa. Likita ya tambayi abin da ke damunta, ta ce zuciyarta ke tashi. Na juya da ƙwarin gwiwa na gaya masa zuciyarta ce ke bugawa da ƙarfi. Har ya ɗauki biro zai tura ta gwajin zuciya, sai Baba Garba ya yi gyaran murya daga baya ya ce amai take ji. Tsutsar ciki ce kawai ke damun baiwar Allah. A hanya bai yi mini faɗa ba, sai dai ya ce da an bi tawa da an yi ta yawo da tsohuwa ofis ofis kwana uku tana amai a mayafi.

Wani lokaci abin dariya ne. Akwai wani likita da ba ya iya jimla biyu bai ce "mais" ba, wato "amma" a Faransanci, kuma a kunnenmu "me" take fita. Na taɓa kai masa wani kurman dattijo, duk sanda likita ya ce "me", sai dattijon ya ɗauka tambayarsa ake yi, ya sake labarin ciwon bayansa daga farko, da ƙarfi. Sau huɗu ya yi, likita ya ajiye biro ya riƙe kai. Irin waɗannan ƙananan kalmomin su Baba Garba yake tsoro. Ya ce manyan kalmomin likitoci ba sa cutar da kowa, domin in ka ji su ka san ba ka sani ba, sai ka tambaya. Ƙaramar ce kake ɗauka ka riga ka san ta.

Wadda ya fi jan kunnena a kanta ita ce "to". Harafi biyu, amma a garin nan gida uku take da shi, kuma gidajen ba su haɗa dangi ba. Bahaushe in ya ce to, yana iya nufin na yarda, yana iya nufin na ji dai, yana iya nufin yi abin da ka ga dama Allah na nan. Sai ka duba fuska. Bafulatanin Adamawa kuwa yana da tasa, gajeriya, wadda take nufin "idan". In ya ce "to Allah jaɓi", cewa ya yi idan Allah ya yarda. Ita ba ta rufe magana, buɗe ta take yi, akwai sharaɗi a bayanta. Sai ta Faransanci, wadda ake rubutawa da 'yar hula a kan wasali da wani harafi a ƙarshe da ba a furtawa, ma'anarta "da wuri". Duka ukun na san su tun ina yaro. Ku riƙe wannan, domin ba jahilci ne ya kayar da ni ba.

Shekarar da Baba Garba ya rasu ita ce muguwar shekarata. Da damina ya tafi, damina mai nauyi, ruwa ya cika kwatoci daga Nkomkana har cikin unguwarmu, zazzaɓi ya shiga gida gida. Aikin mutum biyu ya dawo kaina ni kaɗai. Kafin in idar da sallar asuba akwai mutane a ƙofar gida da karne a hannu, wato ɗan littafin nan da likita ke rubutu a ciki. Na koyi gudu tsakanin ɗakuna, na koyi yanke gaisuwa, na koyi ƙarasa wa mutum jimlarsa don mu wuce. Mutane suna yabona wai na fi marigayi sauri, ni kuma kaina ya ɗauka.

A cikin wannan damina aka kawo Baba Hamajoda. Dogon dattijo ne, siriri, mai rakiyar shanu daga wajen Ngaundal, wanda ya yi rayuwarsa duka a kan ƙafafunsa. Ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, yatsu sun yi baƙi, warin yana riga shi shiga ɗaki. Wani dillalin shanu da ke saukar da shi a unguwa ne ya damƙa mini shi. Hausarsa ta kasuwa ce amma tana da kyau, don haka da Hausa muke magana tun ranar farko, ban ma taɓa gwada shi da harshen Inna ba. Aka kwantar da shi a asibiti, kwana biyar ana tura shi kowace safiya ana wanke ciwon. Duk azabar da yake sha bai taɓa yin ƙara ba, sai dai ya damƙe ƙarfen gado.

Rana ta shida, wajen ƙarfe uku na rana, likitar da ke duba shi ta kira ni. Mace ce mai natsuwa, 'yar Kudu, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Ta ce ciwon yana hawa, dole a yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba zai tafi da shi. Ta ce in gaya masa a hankali, in tabbatar ya fahimta, domin ba ta taɓa mutum sai da yardarsa. A lokacin akwai wata mata da ɗanta yake suma a ɗakin yara, an aiko kirana sau biyu.

Na tsuguna na ce, "Baba, likita ta ce ƙafar nan ba za ta gyaru ba. In ba a cire ta ba, za ta kai ga rai. Tana neman yardarka."

Ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya ja dogon numfashi ya ce, "To..."

Ya tsaya yana haɗiyar yawu. Ni kuwa na miƙe na ce wa likita ya yarda. Ta gyaɗa kai ta ce, "Demain matin, tôt." Gobe da safe ke nan, da wuri. Na sunkuya ina laluben tawadar dangwala yatsa a kan tebur, na ji dattijon yana gunguni a bayana, na ɗauka salati yake yi. Da na juyo sai na ga fuskarsa ta saki, yana kallon likita yana gyaɗa kai kamar mai godiya. Na kama babban yatsansa na dangwala a takarda, na rubuta sunana a ƙasa a matsayin shaida, na ce masa Allah ya ba da lafiya, na fita da gudu. Ban gaya masa gobe ba, ban gaya masa da wuri ba. A raina na ce zan dawo in yi masa bayani, ban kuwa dawo ba.

Washegari ƙarfe bakwai aka zo aka tura shi. Bai yi gardama ba, ya ɗauka wankin ciwo ne irin na kullum. Ni ina wani asibitin da wata mai naƙuda, sai wajen sha ɗaya na iso. Na tarar da wani mutum mai kimanin shekara arba'in zaune a bakin gadon da ba kowa, da jakar tafiya a tsakanin ƙafafunsa. Ya ce sunansa Bello, ɗan Baba Hamajoda ne, direban babbar mota, yanzu ya sauka daga jirgin ƙasa na Ngaundere ya hau taksi daga tasha. Ban ma san dattijon yana da ɗa ba. Ban taɓa tambaya ba.

Bayan azahar allurar barci ta sake shi. Ya buɗe ido ya ga ɗansa, ya yunƙura zai tashi, jikin ya ƙi. Sai ya tura hannu ƙarƙashin bargo yana lalube. Na ga hannun ya wuce gwiwa ya sauka a kan katifa. Ya juyo ya neme ni da ido.

"Malam Ɗanlami, wa ya ce su yanke yau?"

Na ce, "Baba, ai kai ka ce to."

"Na ce to. Likita ma ta ce to. Da kunnena na ji ta. Me ya sa ba a jira ba?"

A nan gungunin nan na jiya ya dawo mini a kunne kalma kalma, da muryar Inna. "To ɓiyam wari." Idan ɗana ya zo. Ba salati yake yi ba. Azaba da tsoro sun mayar da shi harshen da aka yi masa goyo da shi, abin da Baba Garba ya sha gaya mini yana faruwa. Ya buɗe sharaɗi, numfashi ya yanke masa, ni na rufe masa da yarda. Da likita ta ce da wuri, shi kuma ya ji amsar Bahaushe a bakinta, ya ɗauka ta karɓi sharaɗinsa. Mu uku a ɗaki ɗaya, kowa ya ji abin da yake so, kuma ni kaɗai a cikinmu aka kawo don in hana hakan.

Bello yana jin Faransanci, bai buƙace ni ba. Ya fita ya tare likita a baranda, yana cewa an yanke wa mahaifinsa ƙafa ba da yardarsa ba, kuma sai ya kai maganar inda za ta kai. Mutane suka fara taruwa. Likita ba ta ɗaga murya ba, ta aika aka kawo takardar, ta nuna masa yatsan mahaifinsa da sunana a ƙasa. Bello ya juyo gare ni, ya sassauta murya.

"Malam, kai ne shaida. Gaya mini gaskiya don Allah. Ko zazzaɓi ne ya ruɗa tsohon, ya yarda jiya ya manta yau?"

Ƙofa ce ya buɗe mini da hannunsa. In na ce e, magana ta mutu. Likita ta tsira, ni na tsira, a ce tsoho ya ruɗe, kuma wa zai tsaya wa baƙon makiyayi a Yaoundé? Ba ƙarya ma zan yi ba in na rantse cewa ya ce to. Ba zan ɓoye muku ba, na so in bi ta ƙofar nan, har bakina ya fara motsi. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙofar ɗakin a buɗe take, dattijon yana jin mu. Na riga na raba shi da ƙafa, yanzu kuma in raba shi da hankalinsa a gaban ɗansa.

Na ce, "Bai ruɗe ba. Ni ne ban jira ya gama ba."

Na faɗa da Hausa, na juya na faɗa wa likita da Faransanci, sannan na shiga ɗakin na faɗa da Fulatanci. A ranar ce dattijon ya fara jin harshensa a bakina. Ya dube ni ya ce ashe ina ji. Wannan ta fi mini zafi a kan duk abin da Bello ya faɗa daga baya, kuma ya faɗi da yawa. Likita ta biyo mu ta tsaya a bakin gado. Ta ce ƙafar ba ta da makawa, amma da an gaya mata ana jiran wani, da ta ɗaga aikin zuwa yamma, domin 'yan sa'o'i ba za su kashe shi ba. Na fassara masa wannan ma, ban rage komai ba.

Labari ya riga ni isa unguwa. Wata biyu ƙofar gidana ba kowa da asuba. Wasu suka ce na sayar da ƙafar mutum, wasu suka ce ai da ma tela ne. Na koma kan keke ina ɗinke ɓarakar riguna. Amma kullum bayan azahar ina zuwa wurin Baba Hamajoda, domin har yanzu ba shi da wani bakin sai nawa in Bello ya fita sayen magani. Bai kore ni ba, bai kuma tayar da maganar ba. Yana faɗa, ina jira sai ya rufe baki ya dube ni, sannan in juya wa ma'aikatan. Ni kuma na kasa tambayarsa abin da ke cina, wato me zai faru idan ɗan ya zo. Ko ƙin yankewar zai yi, ko shawara yake nema?

Ranar da za a sallame su ne na tambaya. Bello yana naɗe tabarma, an jingina sandunan dogarawa a bango. Dattijon ya ce wa ɗansa ya ɗaga matashi. A ƙarƙashinsa akwai farar riga a ninke, an goge ta, da hula sabuwa ba a taɓa sa ta ba.

Ya ce da Fulatanci, ni nake juya muku: "Ƙafa kam na san ta tafi tun kafin in baro gida, ban zo gardama a kanta ba. Yaron nan shekara tara ba mu ga juna ba. Ya ce ba zai bi shanu ba, mota zai bi, ni kuma na tsaya a bakin ruga na nuna masa hanya da sanda na ce kada ya dawo. Da na kwanta a nan na sa aka kira shi, ya ce yana tafe a jirgin safe. Kwana uku ina gwada tsayuwa in ba kowa, ina riƙe gado, har na iya ƙirga ashirin. A tsaye na kore shi, na so ya same ni a tsaye in ce masa maraba. Bayan nan su yanke. Safiya ɗaya na roƙa."

Bello ya saki tabarmar ya juya mana baya, kafaɗunsa suna motsi. Ni kuwa na durƙusa a kan simintin nan, ina da shekara arba'in da biyu, na kama ƙarfen gadon.

Na ce, "Baba, abin da na ɗauke maka ba zan iya mayar da shi ba. Ka yafe mini don Allah."

Ya daɗe yana shafa rigar da tafin hannu. Sannan ya ce, "To."

Na jira. Ban motsa ba, ban ɗago kai ba, ina sauraron abin da zai biyo baya. Mai tura keke ya shigo, Bello ya ɗaga mahaifinsa ya zaunar da shi, ya ɗora masa rigar a cinya. Na bi su har bakin titi ina jira, na riƙe ƙofar taksi ina jira. Bai ƙara komai ba, bai kuma ɗauke idonsa daga kaina ba har motar ta tashi. Bayan shekara biyu dillalin shanun ya gaya mini dattijon ya rasu a hannun ɗansa a Ngaundal. Har yau ban san da wane harshe ya faɗi "to" ɗin nan ba.